Taron masoya mota a karkara: a kashe inji, a buɗe bonet

Kwanan nan samari a yankinmu na Ringim sun matsa da maganar haɗa taron masu sha'awar mota, irin wanda suke gani a waya. Dattawa sun ɗaure fuska, kuma ban ga laifinsu ba. Wasan motar da suka sani shi ne na ranar kai amarya: yaro ya ari motar yayansa, ya ja birkin hannu a tsakiyar gari, ƙura ta turnuƙe, ƙananan yara na bi da ihu. Da hannuna na taɓa ɗaukar wani yaro da aka buge a irin wannan ganganci, har yau yana ɗingishi.

Duk da haka ina goyon bayan a yi taron, bisa sharaɗin a jera motoci a fili, a kashe inji, a buɗe bonet.

Mu a ƙauye mota abin neman abinci ce. Golf ɗin da ke jigilar mutane zuwa kasuwar Gujungu ranar Lahadi, da J5 mai lodin tattasai, da tsohuwar Peugeot 504, wato Fijo, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, kowace akwai bakaniken da ya hana ta mutuwa. Yana nan a gindin darbejiya, hannu duk baƙin mai, da kunne kawai yake gane fulogin da ya daina wuta. Shi ya kamata a ba shi kujerar gaba, yaran gareji su kewaye shi, ya nuna yadda ake bambance kayan gyara na gaske da jabu kafin mutum ya kwashi kuɗinsa zuwa Ƙofar Ruwa a Kano. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sanin abin da ke sa mota shan mai ya zama maganar tuwon gida.

Ga taya ma. Direbobi nawa ne suka san lambobi huɗun nan na jikinta shekarunta suke faɗa? In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. A gayyato jami'an kiyaye haɗurra su zagaya suna nuna wa kowa tasa, ba tare da maganar tara ba.

Samarin za su ce in babu juyi da ƙarar taya ba wanda zai zo. Ban yarda ba. Ku duba yadda ake cincirindo a tasha duk ranar da aka sauke injin wata mota.

Tsarin ba wuya. A fara da gaida dagaci a nemi izininsa, a sanar da 'yan sanda, a jawo ƙungiyar direbobi ta NURTW tun daga farko. A kauce wa ranar kasuwa, domin ranar ce direba ke samun na cefane. Bayan kaka ya fi, lokacin da hanya ta bushe, aljihu ya ɗan yi nauyi. Kuɗin rumfa da ruwan sha a yi karo-karo, kada a karɓi na ɗan takara, don in ya biya, fastarsa za a kalla. Makullan motocin kuma a tara su a hannun dattijo ɗaya, sai an tashi kafin magariba ya mayar wa kowa nasa.