Akuyar Uwargida Mai Taya Biyu

Ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya tsaya a Abuja ya ce tallafin mai ya tafi, ban san da ni yake ba, tunda ko keken hawa ba ni da shi. Sai da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ɗan achaban da ke ɗaukata kullum ya dube ni ya ce, "Malam, tsohon farashi ya rasu," sannan na gane ashe maganar har ƙofar gidana ta zo.

Ni mazaunin cikin birni ne, wajen Ƙofar Doka, aiki kuma a Samaru nake yi, a wani shagon buga takardu kusa da jami'a. Wanda ya san Zariya ya san wannan ba zuwa aiki ba ne, ƙaramar hijira ce. Ka bi Tudun Wada, ka wuce Agoro, ka tsallake Kubanni, ka faɗa PZ, ka kama hanyar Kwangila, ga Hanwa, ga Palladan, sannan ka hango Samaru. Hawa uku zuwa, hawa uku dawowa. Da na zauna na yi lissafi sai na ga albashin nawa masu abin hawa nake karɓar wa, ni ɗan aike ne kawai. A daren na yanke shawarar sayen mashin.

Kuɗin sai da aka yi wata shida ana haɗa su. Kwasar adashina ta zo, naira 150,000. Na sayar da tsohuwar waya 20,000. Saura kuma uwargida ce ta cika, ta sa aka kai akuyarta kasuwa aka sayar 40,000, akuyar da duk haihuwa biyu take zubarwa. Da za ta miƙo min kuɗin sai da ta riƙe gefensu ta ce, "Baban yara, ba kyauta ba ce fa, hannun jari ne. Tayar baya tawa ce." Na yi dariya. Da na san yawan jin maganar akuyar nan da zan yi nan gaba, da na bar ta tana cin dusarta.

Kafin in fita sai na biya wajen Kawu, wanda ya shekara ashirin yana hawa mashin. Abu uku ya faɗa min. Ka tafi da bakanike. Ka je da sassafe, ka tayar da injin da sanyinsa, domin mashin mai ciwo da safe yake tona kansa. Na uku, ka duba lambar inji da lambar jikin mashin ka tabbatar su ne a rubuce a rasit, a kuma yi takarda da shaidu, kada ka sayi na sata ka kwana a bayan kanta. Na ce, "To Kawu, in sha Allahu." Da na tuntuɓi bakaniken unguwarmu ya ce zai bi ni, amma in ba shi 3,000 kuɗin barin aikinsa. Na ce a raina, dubu uku don kallon mashin? Ni ma Allah ya ba ni ido. Sassafen ma ban samu ba, sai bayan azahar na isa Sabon Gari.

Na fara leƙa shagon masu sababbi, don dai ido ya sha. Ga Boxer, ga Jincheng, ga Haojue, duk a cikin leda suna ƙyalli. Na tambayi kuɗin Boxer ɗaya. Da yaron shagon ya faɗa sai na tambaye shi ko har da fili ake haɗawa. Bai yi dariya ba. Na fito.

Ko taku goma ban yi ba wani mutum ya tare ni, da hula a karkace da carbi a hannu. "Alhaji, mashin ake nema?" Ni da ko filin jirgi ban taɓa shiga ba, amma sunan ya yi min daɗi. Sai ya jefo tambayar: "Nawa ka riƙo?" Ni kuma, don Allah ya yi za a yi, na buɗe baki na ce 210,000. Ya ɗaga kai sama kamar mai tuno wani abu, ya ce, "Ikon Allah! Rabonka ne ya kira ka."

Ya ja ni wata rumfa a bayan layi. Ga mashin nan ja, an wanke shi, an goge tayoyinsa da mai har suna ɗaukar ido, an ɗaura masa sabuwar rigar kujera mai tuntaye. "Na wani dattijo ne," in ji shi, "Juma'a-Juma'a yake hawa. Daga gida sai masallaci." Ya taka kik sau ɗaya tak, mashin ya kama yana gurnani. Na leƙa salansa, ba hayaƙi. Na tsuguna irin na masana, na kai hannu jikin injin tun kafin ya yi minti guda da tashi, sai da na yarfe yatsu don zafi. Na ce, "Ya na ji shi da zafi haka?" Ya ce, "Ranar Zariya ce, Alhaji." A cikin inuwa mashin ɗin yake, ana kuma tsakiyar hunturu. Na gyaɗa kai.

Ciniki bai yi tsawo ba, tunda mutumin ya riga ya san zurfin aljihuna. Ya ce 250,000, na ce 180,000, ya ce albarka. Ya koma gefe ya kara waya a kunne yana "Baba, a yi haƙuri, mutumin kirki ne," wayar da har yau nake zargin ba kowa a cikinta. Ya dawo ya ce Baba ya sallama a 200,000, la'ada 5,000. Lambobin dai na duba su, sun yi daidai da rasit, aka yi takarda, wani mai shayi da wani mai faci suka sa hannu. Cikin wasiyya uku ta Kawu na cika ɗaya. Aka miƙo min makulli, saura naira 5,000 a aljihuna.

A nan ya kamata in faɗi wata gaskiya. Ni a roba-robar wani abokina na koyi mashin, ita kuma ba ta da kulochi a hannu, giya kawai kake takawa ka murɗa totur. Wannan kuwa mai kulochi ne. Na hau, na matse, na taka giya ɗaya, na murɗa totur sosai don mutanen rumfa su san ba baƙo ba ne, sannan na saki kulochin gaba ɗaya kamar wanda ya taɓa garwashi. Mashin ya ɗaga ƙafar gaba kamar dokin hawan sallah, ya yi tsalle ɗaya, bai dire ko'ina ba sai jikin baron wani mai rake. Rake ya watse a titi, wanda aka fere da wanda ba a fere ba. Yara suka yi caa. Mai raken bai zage ni ba, ya dai tsaya yana ƙirga gaɓoɓin da suka faɗa kwata da bakin wuƙarsa. Naira 1,500 na biya, ya ba ni guda biyu da suka fi shan ƙasa ya ce in tafi da su tunda na saya.

Mai hankali gida zai nufa daga nan. Ni sai na ce bari in kai shi Samaru abokan aiki su sa albarka. Na lallaɓa a giya biyu, iska tana kaɗa min riga, har na fara tausayin mutanen da nake gani tsaye a bakin titi suna jiran bas. Ina wuce gadar Kwangila mashin ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

Na buga kik. Na sake bugawa. Na buga har gumi ya jiƙa min hula. Na sauka na zagaya shi, na ƙwanƙwasa tanki, na hura makulli, na karanta abin da ya sawwaƙa. Na kira lambar dillali, aka ce a kashe take. Sai na kama turi.

Wanda bai taɓa tura mashin ba bai san nauyinsa ba, bai kuma san cewa titin da yake gani a miƙe daga cikin mota yana da hawa ba. Na wuce Hanwa ina haki, rake biyu a ɗaure a baya. 'Yan achaba suna wucewa suna "Sannu Malam, mai ne?" ina ɗaga musu hannu ina cewa a'a, matsalar inji ce, don a ganina mutumin da ya kashe dubu ɗari biyu bai kamata a ce mai ya ƙare masa ba. Da na kusa Palladan sai ga ƙaramin jirgin nan na 'yan kwalejin koyon tuƙin jirgin sama yana shawagi a kaina. Na tsaya na bi shi da kallo. Wani yana can sama yana koyon tuƙi, ni ina ƙasa ina koyon turi.

A ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya na samu garejin masu gyara. Ogan yana cin abinci, sai ya turo yaronsa, wanda bai fi shekara goma sha biyu ba, rigarsa ta rine da baƙin mai. Na fara yi masa bayani mai tsawo a kan yadda nake zargin kabureta. Yaron bai saurare ni ba. Ya jijjiga mashin ya kasa kunne, ya sa hannu ƙarƙashin tanki ya murɗa wani ɗan makunni, ya taka kik sau biyu. Mashin ya tashi.

"Baba, mai ne ya yi ƙasa. Rizab za ka mayar."

Ashe makunnin man hawa uku ne: buɗe, rufe, da na ajiya, wanda ke sakin ɗan man da ya rage a ƙasan tanki don ya kai mutum gidan mai. Ashe kuma masu sayarwa ba sa haɗa maka da fetur, abin da zai fitar da kai daga layinsu kawai suke bari. Ogan ya ce in kawo 500. Na ce ai ba abin da aka gyara. Ya ce, "Na sani ne za ka biya, ba na gyara ba." Na biya. Samaru kuma na fasa, na sha lita biyu na juya gida.

Na iso bayan magariba. Uwargida ta fito da fitilar waya ta zagaya mashin sau biyu, ta dube ni, ta dubi raken. "Wannan ne akuyar tawa?" Na ce shi ne. Ta ce, "Allah ya sa alheri," da irin muryar da ake yi wa mutum jaje.

Washegari da asuba, cikin sanyin nan na Zariya mai shiga ƙashi, na fito da shi soro. Na ja cok na fara buga kik. Ina ƙirgawa har na kai talatin na daina. A wani bugun kik ɗin ya dawo da ƙarfi ya maka min a ƙwauri, sai da na zauna a dakali na yi salati. Yaran makarantar allo da ke wucewa suka tausaya, suka tura ni har ƙarshen lungu, na saki kulochi, ya kama. Abin da ya biyo baya kuwa hayaƙi ne, shuɗi, mai kauri, ya cika lungun har maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambaya ko maganin sauro aka zo fesawa, a shigo masa ɗakin baya.

Dole na kai shi wajen bakaniken da na ƙi ba dubu uku. Ya kwance mazubin baƙin mai ya tara gwangwani. Abin da ya fito ba zuba yake ba, saukowa yake a hankali kamar maɗi. Ya ce mai kauri suka ɗura don ya toshe hayaƙi, sannan suka ɗumama injin kafin in zo. Ya ciro fulogi ya nuna min bakinsa, baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Fistin da ring sun cinye, shi ya sa baƙin mai ke haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Sarƙa ta saki, haƙoran sifoket sun zama kamar na zarto, wayoyin wuta kuwa da ledar burodi aka naɗe mahaɗarsu. Ya ɗaga rigar kujerar nan mai tuntaye, sai ga soso ya lotsa gida biyu, na direba da na fasinja.

"Dattijon nan naka," in ji shi, "da alama masallacinsa a Funtuwa yake, kuma goyon mutum biyu yake yi."

Ya yi lissafin kaya da aiki 28,000. Da na karɓi takardar sai na ga 31,000. Na ce wannan ukun fa? Ya ce na rakiyar da ban bari ya yi min ba ne. Kuɗin gyaran ma wajen uwargida na ranto, yanzu ta ce har tayar gaba da fitila sun shiga hannunta. Duk safiyar da ta ji ina fama da kik sai ta ɗaga murya daga madafa tana gaya wa yara cewa ita akuyarta ba a taɓa tura ta ba, da kanta take tashi.

Mashin dai ya samu sauƙi, yana kai ni Samaru kwana huɗu ko biyar a mako. Ranar Talatar da ta wuce ya mutu min a Agoro, wannan karon na murɗa rizab tun kafin kowa ya gani, bai tashi ba. Ina tsaye sai ga tsohon ɗan achabana. Ya tsaya, ya gaishe ni, ya yi min murnar sabon abin hawa. Ya ce in hau in cire giya. Ya sa ƙafarsa ta dama a matakin bayan mashin ɗina ya dinga tura ni da nasa, muna tafe a jere kamar 'yan rakiyar amarya, har ƙofar garejin bakanike. Na sa hannu a aljihu na ce nawa zan ba shi.

Ya ce, "Haba Malam, kai da ka saba. Kuɗin da kake biya ne, sai ka ƙara ɗari biyu na kaya."