Naruto ya yi mana alƙawari, daga baya ya saɓa

Duk lokacin da aka tayar da musun anime, wato fina-finan zane na Japan, a nan, magana ɗaya ake juyawa. 'Yan bana-bakwai su ce Demon Slayer ya fi saboda kyan zane, mu da muka tashi da Naruto mu ce ai labari ne a gaba. Ni ina cikin rukuni na biyu, amma yau mutanena zan taɓa. Labarin nan da muke tinƙaho da shi, rabin hanya kawai Naruto ya iya riƙe shi. Sauran rabin, ƙaunar da muke yi wa yaran ce ta ja mu har ƙarshe. Wanda bai gama kallo ba ya tsaya a nan, don zan fasa ƙwai.

Masashi Kishimoto ya fara zana labarin a mujallar Weekly Shonen Jump a 1999, ya rufe shi a babi na 700 cikin Nuwamba 2014. Situdiyon Pierrot ya mayar da shi na talabijin daga 2002: kashi 220 na farko, sannan Shippuden kashi 500 da ya ƙare a 2017. Jimla 720 ke nan. Ku riƙe wannan adadin, zan dawo kansa.

Abin da ya kama mu tun farko ba faɗa ba ne. Maraya ne da gari guda ya juya wa baya saboda dodon da aka rufe a cikinsa, ya faɗi jarrabawar fita makaranta har sau uku, amma bakinsa bai mutu ba, kullum cewa yake sai ya zama Hokage, wato shugaban garinsu Konoha. Kuma Kishimoto ya nuna gwanintarsa da wuri a kan abu ɗaya da har yau kaɗan ne suka kamo shi: mugayensa mutane ne. Ku tuna Zabuza. An gabatar mana da shi a matsayin makashi marar imani wanda ya ɗauki yaronsa Haku tamkar makami, sai ga shi a kan gada hawaye na zuba, hannayensa duka biyu sun daina aiki, ya cije wuƙa a baki ya kutsa cikin 'yan daban Gato. Duk wannan kafin a kai kashi na 20. Gaara kuma ubansa ne, sarkin garinsu, ya tura kawunsa Yashamaru ya kashe shi, mutum ɗaya tak da yaron ya yarda yana ƙaunarsa. In ka ga haka sai ka daina tambayar me ya sa Gaara ya zama abin da ya zama. Tambayar da take zuwa maka ita ce, da malaminsa Iruka bai tsaya wa Naruto ba fa?

Jarrabawar Chunin, ta ƙarin matsayi ga yaran, ita ce inda aka ɗaura mana alƙawarin. Rock Lee ba shi da baiwar komai, bai iya siddabarun da sauran yara suke yi ba, jikinsa kawai ya hora dare da rana. Lokacin da ya kwance nauyin da ke ƙafafunsa ya saki, ƙasa ta girgiza, ba na jin akwai wanda ya kalla bai gyara zama ba. Kuma ya sha kashi! Gaara ya murƙushe masa hannu da ƙafa, amma ya miƙe tsaye a sume, ya ɗaga hannu zai ci gaba. Sai Neji, wanda aka haifa a reshen gidan Hyuga, aka buga masa hatimi a goshi tun yana ƙarami don ya zama bawan babban gida, mahaifinsa Hizashi ya mutu a madadin tagwayensa Hiashi. Neji ya ce wa Naruto kowa da abin da aka haife shi a kai, dolo ba ya zama gwani. Naruto ya haƙa rami ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓullo masa da naushi a haɓa. Saƙon a fili yake: asalinka ba shi ne iyakarka ba.

To mu bi abin da ya biyo baya. Ashe Naruto ɗan Minato ne, Hokage na huɗu. Uwarsa Kushina daga zuri'ar Uzumaki take, masu ƙarfin da ba kowa ke da shi ba. Malaminsa Jiraiya an riga an yi masa albishir da ɗalibin da zai sauya duniya. Kamar hakan bai isa ba, a ƙarshen yaƙi sai aka ce shi da Sasuke, abokinsa kuma abokin hamayyarsa, gadon 'ya'yan Hagoromo suke ɗauke da shi, Asura da Indra, rigimarsu ma tun kaka da kakanni take. Shi kuwa Neji yaya ya ƙare? Ya tare da jikinsa ya mutu yana kare Hinata, 'yar babban gida, da Naruto, ɗan Hokage. Wato duk abin da ya faɗa a filin jarrabawa ya tabbata a kansa. Na san za a ce ai da zaɓinsa ya yi, kamar yadda mahaifinsa ya zaɓa. Na ji. Amma marubucin da ya ɓata babi da babi yana rusa maganar yaro, sannan ya zo ya gaskata ta ba tare da ko mutum ɗaya a cikin labarin ya lura ba, ya manta abin da ya rubuta ne. Lee kuma ya koma ɗan kallo. Ba don Might Guy, malamin Lee, ya buɗe ƙofa ta takwas ta ƙarfin jikinsa a gaban babban mugu Madara ba, da sai mu ce an binne zancen ƙwazo gaba ɗaya.

Masu kare shi suna da hujja ɗaya mai ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba. Suna cewa jigon Naruto tun asali kaɗaici ne da neman a karɓe ka, maganar ƙwazo ta Lee ce. Idan haka ne, to labarin ya kai ƙololuwarsa a faɗan Pain. Nagato, wanda shi ne ke bayan Pain, ya fito daga Amegakure, ƙaramar ƙasa da manyan ƙasashe suka mayar filin yaƙinsu, 'yan Konoha ne suka kashe iyayensa. Da ya danne Naruto a ƙasa ya tambaye shi yadda zai kawo zaman lafiya alhali kowa ramuwarsa yake kira adalci, jarumin namu ya rasa amsa. Ba kasafai ake barin jarumi ya yi shiru a irin wannan labari na matasa ba. Kashi na 175 na Shippuden, inda mutanen garin da suka tsangwame shi suka fito tarbarsa suna ɗaga shi sama, nan ne yaron nan da yake zama shi kaɗai a kan lilo ya samu abin da yake nema. Amma ko a nan ɗin an yi mana wayo. Nagato ya tuba, ya mayar da ran duk waɗanda ya kashe a harin, har da Kakashi, malamin su Naruto. Mun yi kuka, aka ce mu mayar da hawayenmu. Shi ya sa mutuwar Jiraiya da ta Asuma, malamin Shikamaru, suka fi zama a zuciya, su ba a dawo da su garin ba. Kashi na 82 na Shippuden, inda Shikamaru yake zaune da mahaifinsa a gaban allon shogi yana danne baƙin ciki har ya watsar da allon ya fashe da kuka, babu wani faɗa a cikinsa, amma na fifita shi a kan rabin yaƙin ƙarshe.

Yaƙin ƙarshen nan kuwa, Allah ya kyauta. Aka taso da matattu rututu, kowa ya zo a sake gaisawa. An shafe shekaru ana gina mana Madara, ya iso ya cika ido, sai kawai Baƙin Zetsu ya soke shi ta baya, wata Kaguya ta fito daga jikinsa. Wace ce ita? Me take so banda ƙarfinta? Wanda ya rubuta Zabuza da Itachi da Nagato shi ne ya rufe labarinsa da bos ɗin da ba ta da hali, ba ta da hujja, ba ta da wata alaƙa da jarumin. Sannan batun yafiya ya wuce gona da iri. Obito shi ne sanadin mutuwar iyayen Naruto da dubban mutane, 'yan kalmomi suka wanke shi. Orochimaru ya kashe Hokage na uku, ya yi gwaje-gwaje a kan yara, ƙarshe yana yawonsa. Yafiya abu ne mai kyau, amma ina hakkin waɗanda aka kashe?

Matan labarin ba zan daɗe a kansu ba, don shi ma marubucin bai daɗe ba. Sakura ta samu faɗa ɗaya na gaske, ita da tsohuwa Chiyo a kan Sasori, daga nan aka mayar da ita bin Sasuke da kuka. Tenten ko a tambaye ku me ta taɓa yi sai kun yi tunani. Wanda yake ganin haka irin wannan labarin ya gada, ya kalli Fullmetal Alchemist: Brotherhood na Hiromu Arakawa ya ga Riza Hawkeye da Izumi da Olivier Armstrong. Kashi 64 ne kacal, kuma an ƙulle kowane zare.

Mu koma kan 720 ɗin nan. Wajen kashi arba'in cikin ɗari na Naruto ciko ne, labaran da ba sa cikin littafin Kishimoto. Dalilin a bayyane yake: shi yana fitar da babi ɗaya a mako, talabijin kuma tana cinye babi biyu ko fiye a kashi ɗaya, kuma ba ta hutu duk shekara. In an kusa kamo shi dole a tsaya a ƙirƙiro wani abu. Shi ya sa bayan an gama labarin tafiyar Sasuke daga gari a kashi na 135, kusan duk abin da ya rage har 220 zagaye ne a wuri ɗaya. Wannan na yi musu uzuri. Wanda ban yi wa uzuri ba shi ne abin da ya faru bayan 2014. Littafi ya ƙare, babu sauran wanda ake gudun kamowa, amma aka ja mu fiye da shekara biyu, aka tsayar da yaƙi ana tsakiyar wuta aka shiga nuna mana mafarkin wane da wane. Kunu ne aka yi ta tsinka shi da ruwa don kofuna su yi yawa. Ga maimaicin tuna baya: lilon nan, dutsen da ya danne Obito, mutuwar Rin, sai da muka haddace su. Mai sayen data da kuɗinsa, ko mai zuwa shagon tura fina-finai a cika masa waya, ya san zafin wannan.

A ɓangaren zane kuma ni da 'yan bana-bakwai za mu raba gari. Gaskiya ne yawancin kason Naruto zanensu tsaka-tsaki ne, wasu ma abin kunya: fuska a karkace, mutum a tsaye cak baki kawai ke motsi. Aikin mako-mako ne, ana rarraba shi ga ƙananan kamfanoni, lokaci ba ya isa. Abin da Pierrot suke yi shi ne su tara ƙarfinsu su zuba a kashi ƙalilan. Kashi na 133, faɗan Naruto da Sasuke a kwarin ƙarshe, aikin Atsushi Wakabayashi ne da gwanin motsi Norio Matsumoto. Na 322 na Shippuden da Madara ya afka wa runduna shi kaɗai, da na 375 tsakanin Kakashi da Obito, na Hiroyuki Yamashita ne. Sai na 167 na Shippuden, wanda ake ta yawo da hoton fuskar Pain a lanƙwashe ana dariya. Jama'a, wannan zanen an yi shi ne don ya wuce cikin ƙiftawar ido ya ba ka jin nauyin naushi da gudu. Tsayar da shi ka ɗauki hoto ka ce ba su iya zane ba rashin adalci ne. A wurina yana cikin mafi kyawun abin da suka yi.

Demon Slayer wani tsari ne daban. Situdiyon ufotable zango-zango yake fitarwa, kashi 26 a 2019 sannan a huta, kuma sun ƙware wajen haɗa zanen hannu da haske da inuwa na kwamfuta. Kashi na 19 shi ya tayar da duniya, fim ɗin Mugen Train na 2020 kuma ya zama wanda ya fi kowane fim kawo kuɗi a tarihin Japan a lokacin. Ba na musun kyansa. Amma a cire ƙyallin a ga me ya rage. Aljani ba ya samun tarihi sai an sare masa kai, sannan a ce mu tausaya masa cikin minti biyar. Zenitsu ihu, Inosuke ihu. Nezuko, ƙanwar jarumin, wadda don ita ake duk wahalar, tana cikin akwati da gora a baki. Abu ɗaya da Koyoharu Gotouge, mai labarin Demon Slayer, ya fi Kishimoto shi ne sanin inda za a tsaya: babi 205, aka rufe. Kuma kafin mu riƙa zagin masu zane, mu tuna yadda wasu daga cikin waɗanda suka yi zango na biyu na Jujutsu Kaisen a 2023 suka fito fili suna kukan matsin lokaci. Ƙyallin da muke tafa wa yana da masu biyan kuɗinsa da barcinsu.

In ƙanina ya tambaye ni yau, zan ce ya kalli Naruto daga farko zuwa 135, ya tsallaka zuwa Shippuden ya bar ciko, ya tsaya a 175. Abin da ya rage ya karanta a littafi, ya fi sauri kuma ya fi sauƙin haƙuri, sai ya dawo ya kalli 322 da 375 saboda zanensu. Wanda kuma yake da hujjar kare Kaguya, ga fili nan a ƙasa, ina jira.