Shiri kafin gasa ba maguɗi ba ne

Tun jiya nake ganin ana jifar wasu yara 'yan ƙungiya ɗaya da kalmar maguɗi, wai don sun shiga gasar ƙirƙirar gem (wasan kwamfuta) ta ƙarshen makon nan da kayan aikinsu a shirye. Na so in kame bakina, amma abin ya ishe ni. Masu wannan surutun su ne fa suka ƙone daren Juma'a kaf suna sauke Unity, manhajar haɗa gem, da datar waya, gari ya waye ko ɗan akwati ɗaya ba su motsa a allo ba. Yanzu kuma an koma ɗora wa wanda ya shirya laifi. Haba jama'a!

Me yaran suka zo da shi? Injin gem, wato manhajar da ake gina gem a kanta, a girke a kwamfutocinsu duka, kuma siga ɗaya, don kada aikin wannan ya ƙi buɗewa a wurin wancan. Ma'ajiyar Git, inda ake adana kod da tarihin kowane canji, da suka buɗe tun makon jiya suka gwada tura kod da jawo shi. Fankon aiki mai shafin farawa da maɓallin dakatarwa. Sun kuma raba aiki tun a gida, an san mai zane, an san mai kod, an san mai sauti. Shi ke nan. Jigon gasar, wato maudu'in da za a gina gem a kansa, ba su san shi ba, kamar yadda babu wanda ya san shi sai da aka sanar. Gem ɗin kansa a cikin awa 48 ɗin suka yi shi, a gaban kowa.

Ku je ku karanta dokokin manyan gasannin kafin ku ɓata wa mutane suna. Ludum Dare tun 2002 ake yinta. Sashenta mafi tsauri, Compo, mutum ɗaya ne, awa 48, zane da sauti duk a cikin lokacin za ka yi su, kuma sai ka saki kod ɗinka kowa ya gani. To ko a nan an yarda ka zo da injinka da kod ɗin tushe da ka riga ka mallaka. Ɗaya sashen kuwa awa 72 ne, ana shiga a ƙungiya, har kayan zane da na sauti da aka riga aka yi an yarda da su. Global Game Jam da aka fara a 2009 jigo take ɓoyewa, amma ranar da za a yi ana sanar da ita tun da watanni. Don me ake sanar da rana in ba don ka shirya ba? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ga wani yana cewa ai daɗin gasar shi ne kowa ya fara daga sifili. Wane sifili? Kai ka rubuta injin da kake amfani da shi? Tomas Pettersson ya ƙirƙiri sfxr, manhajar haɗa sautin gem, a 2007 musamman don mahalarta Ludum Dare su sami ƙarar tsalle da ta harbi cikin daƙiƙu, har yau ana amfani da ita da 'ya'yanta irin su Bfxr, ba a taɓa kiran wannan sata ba. Arvi Teikari ya ci Nordic Game Jam ta 2017 da gem ɗinsa Baba Is You, kuma da Multimedia Fusion 2 ya yi shi, manhajar da ya shekara da shekaru yana aiki da ita. Da ranar ya fara koyon inji, da ba mu ji labarinsa ba. Hannunsa ya riga ya faɗa da kayan aikin, shi ya sa hankalinsa gaba ɗaya ya tafi kan dabarar wasan.

Masu kawo uzurin wuta da data kuma, wallahi na san zafin abin, cikinsa muke dukkanmu. Amma hujjar taku ni take goya wa baya. Wanda intanet ɗinsa ke gudu kuma wutarsa ba ta ƙiftawa, shi ne zai iya sakaci ya tsira. Mu da muka san za a iya ɗauke wuta a tsakiyar aiki, mu ya fi kamata mu sauke komai tun da mako guda, mu cika batir, mu san gidan da ke da sola. Kuma girka inji kaɗai bai isa ba. A injin Godot fayilolin fitar da gem, wato mayar da shi abin da kowa zai iya bugawa, daban ake sauke su, a Unity ma sashen fitarwa zuwa burauza daban ake girka shi. Ƙungiyoyi nawa ne suka gano haka saura awa ɗaya a rufe? Ka haɗa ɗan gem na banza tun kafin ranar, ka fitar da shi, ka ɗora a itch.io, shafin da ake sakin gem, ka buɗe a wayar ƙaninka ka ga ko yana tashi. Aikin yamma ɗaya ne.

In kuna da shaidar cewa sun zo da gamammen gem suka liƙa masa jigo, wannan maguɗi ne, kuma ni zan fara faɗa. Tarihin Git ɗinsu na nan a buɗe, kowane canji da lokacinsa. Ku duba. In ba ku ga komai ba, ku ba su haƙuri a fili yadda kuka zarge su a fili. Ƙaraminsu wannan ce gasarsa ta farko, kuma ina tsoron irin wannan magana ta sa ya ajiye harkar gaba ɗaya, alhali mu 'yan kaɗan ne a cikinta.

Af, tunda ana maganar shiri: don Allah masu saka Hausa a gem, ku riƙa gwada salon haruffanku tun kafin gasa. Gem biyu na buga jiya, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suka fito sai ɗan akwati fanko, har sunan gem ɗin bai karantu ba. Yawancin haruffan nan masu kama da na tsofaffin gem ba su da masu lanƙwasa. Salon haruffa na Noto Sans na da su, kuma kyauta ne. In kuma akwai mai zane a cikinku da zai zana mana irin na tsofaffin gem ɗin da haruffanmu cikakku, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, ina buƙata.