Agogon Mickey ba wasan yara ba ne

Kai, na karanta wani labari na masu tara agogon katun, wato agogo masu hoton 'yan katun, ya burgeni gaskiya, amma an bar wani abu a baya. Agogon Mickey Mouse na farko kamfanin Ingersoll ne ya fitar da shi a 1933 a Amurka, lokacin kamfanin yana gab da durkushewa saboda matsin tattalin arziki, wannan dan beran ne ya farfado da su, daga baya ma kamfanin ya koma Timex da muka sani yau. Hannayen Mickey din su ne allurai, daya awa daya minti, sannan can kasa akwai dan zagaye da kananan Mickey uku suna ta zagaye suna kirga sakan. Wani ake masa kuma, wato murza shi ake da hannu, ba batir.

Masu tarawa dai kwalin asali suke nema da madaurin asali, in aka sake fentin fuskar wai don ta yi kyau to an kashe darajarsa kenan, gara tsohon da ya kode. Ni nawa na yarinta na roba ne mai batir, Mickey din ma allurar minti ta cire tana yawo cikin gilashi, kuma har yanzu na kasa yar da shi wallahi.