Sojan sama: a nemo hafsoshin tun suna aji a jami'a

A bakin babbar kasuwar Maradi akwai wani ɗan tebur da nake kai wayata in ta yi gardama. Mai teburin ɗan maƙwabcina ne, kuma lisansi, wato digirin farko na jami'a, gare shi a fannin kimiyya. Ran nan na tsaya ina kallonsa ya duƙufa da madubin ƙara girma, yana liƙa wata 'yar waya da ba ta kai kaurin gashi ba. Ya ɗago ya ce, "Baba, wurin caji ne ya ƙone, jika biyu za ka ba ni." Na biya na tafi, amma raina na wurin hannun nan nasa da ko rawa bai yi ba, irin hannun da sojan samanmu ke buƙata.

Sojojin Faransa sun gama ficewa daga Nijar a Disamban 2023. Amurkawa sun bar sansani na 101 a Yamai a Yulin 2024, suka miƙa na 201 a Agadez a watan Agusta. Gine-gine da titin saukar jirage sun zauna, masu aikin sun tafi. Muna da jiragen dakon kaya da sojoji C-130 da Amurka ta fara kawowa a 2021, da jirage marasa matuƙi na Bayraktar TB2 da aka sayo daga Turkiyya. To, "maras matuƙi" suna ne kawai. Akwai mai tuƙa shi daga ƙasa, akwai mai juya kyamara, ga makanikai, ga mai duba yanayi da zai ce hazon yau ba na tashi ba ne. Sai kuma wanda aikinsa ya fi damuna, mai karanta hoton. Daga sama, makiyayi da garkensa da ɓarawon shanu duk ɗigo-ɗigo ne. Yaron da ya tashi a Gabi ko Gidan Rumji ya san tafiyar dabbobin da za su kasuwa, ya san ta waɗanda ake korawa da gudu zuwa dajin Baban Rafi. Wannan sani ba a sayo shi da jirgi, kuma kuskure a nan ran mutum ne.

Abin da aka saba shi ne a jira matashi ya gama karatu, sannan ya nemi shiga makarantar hafsoshi ta hanyar jarrabawa. Kafin nan nawa suka kama kabu-kabu, nawa suka shiga koyarwar kwantiragi? Wasu ƙasashen ba sa jira. Amurka na da tsarin ROTC tun 1916: ɗalibi na karatunsa, yana samun horon soja, ya fito da digiri da galan hafsa. Ingila ta buɗe rukunin koyon tuƙin jirgi a jami'o'in Cambridge da Oxford tun 1925.

Ban ga abin da zai hana a gwada irinsa a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta nan Maradi ba. Akwai tsangayar kimiyya da fasaha, garin kuma na da filin jirgi. A zaɓi ɗalibai daga shekara ta biyu, a ba su bursi mai tsoka da ke zuwa kan lokaci, su yi horo a ƙarshen mako, hutun damina su yi shi a sansani, su sa hannu kan shekarun da za su yi wa runduna aiki. Masu harkar yanayi da kula da zirga-zirgar jirage kuwa, ga makarantar EAMAC nan a Yamai tun 1963. Za a ce kuɗi. Gaskiya ne awa ɗaya a sama tsada gare ta, amma mafi yawan waɗanda za a horar aikinsu a ƙasa yake. 'Yan mata ma a sa da su, tunda Ouma Laouali, mace ta farko matuƙiyar jirgi a sojan saman Nijar, ta riga ta tuƙa C-130.

Inda nake da ɗar-ɗar daban ne. Tsakanin ɗalibai da masu kaki akwai tsohon miki. Har yau ana tuna 9 ga Fabrairun 1990 da ɗaliban da suka mutu a hannun masu kaki a gadar Kennedy ta Yamai. Idan shirin ya zama hanyar dasa kunnuwa a cikin jami'a, gara ma a bar shi. Horon ya zauna a wajen harabar makaranta, shiga ta zama ganin dama, wanda ya ƙi kuma kada ya rasa komai.

Sai zancen ɗan wane da wane, wanda ke hana talaka ko gwadawa. Na tambayi mai gyaran wayata ko ya taɓa neman shiga soja. Ya yi dariya ya ce kuɗin motar Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, da na takardu da masauki sun kusa cinye jarin teburinsa, kuma bai san kowa a can ba. A rubuta jarrabawar a nan Maradi, da Damagaram, da Tawa, a manna sakamako da makin kowa a jikin bango.