Takalmin gudu ko farantin abinci: wanne ke sauke tumbi?

Duk wanda ya ce min yana son rage ƙiba, abin da nake fara tambayarsa shi ne me yake ci kuma me yake sha, tun daga karin kumallo har zuwa ɗan abin da yake taɓawa kafin ya kwanta. Maganar motsa jiki sai daga baya. Wasu 'yan'uwa ba sa jin daɗin haka, musamman waɗanda suka riga suka kashe kuɗi a kan takalmi da agogon ƙirga taku. Amma zaman da na yi a Newcastle, nan arewa maso gabashin Ingila, da abin da nake tararwa duk sanda na je gida Zariya, sun tsayar da ni a kan ra'ayi guda: in dai nauyi ake so ya sauka, abinci ne ke da kaso mafi tsoka na aikin. Motsa jiki yana da nasa amfanin mai girma, zan zo kansa, sai dai ba shi ne ke juya sikeli ba.

Da gudu da ɗaga ƙarfe ne maganin ƙiba, da ba a ga mai tumbi a ƙasar nan ba. Kusan kowace unguwa da gidan motsa jikinta, wasu ma ba sa rufewa dare da rana. Kowace Asabar da safe jama'a na taruwa a lambuna su yi gudun kilomita 5 kyauta, al'adar da ta faro daga Landan a 2004 ta bazu ko'ina. A garin nan ake tashi gudun Great North Run, wanda aka fara a 1981, kilomita 21 daga Newcastle zuwa South Shields, dubban mutane maza da mata har da tsofaffi. Duk da wannan himma, kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen Ingila nauyinsu ya haura ƙima.

Dalilin ba a ɓoye yake ba. Za ka ga bawan Allah ya fito daga gidan motsa jiki, rigarsa sharkaf da gumi, agogon hannunsa ya shaida masa ya yi ƙoƙari. Taku goma bai yi ba sai ya faɗa shagon gahawa, ya karɓi babban kofi cike da madara da zaƙi, ya haɗa da yankan kek. Tun watan Afrilun 2022 doka ta tilasta wa manyan gidajen abinci na Ingila su rubuta adadin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusa da kowane abu, don haka lambar tana gabansa, kuma yankan kek ɗin kaɗai sau da yawa ya haura 400. Abin da ya zubar a cikin sa'a guda ya mayar da shi kafin gumin ya bushe, zuciyarsa kuwa fes, domin a ganinsa ya biya kuɗin abin da ya ci.

Lissafin ba shi da wuya. Mutum mai kilo 80 idan ya taka kilomita ɗaya yana ƙona kalori wajen 60. Kwalbar lemo ta santilita 50, irin mai cikakken zaƙi, tana ɗauke da sukari sama da giram 50, kimanin ƙananan cokula 13, kalori wajen 200. Kwalba ɗaya ke nan ta cinye tafiyar fiye da kilomita uku. Babban cokali ɗaya na mai, na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne ko kusa da haka, kuma duk wanda ya san garau-garau ya san ba a tsayawa a cokali ɗaya. Kilo guda na kitsen jiki kuwa yana riƙe da kalori kimanin 7,700. Wanda ya ce da ƙafa kaɗai zai narkar da shi, ba tare da ya taɓa abincinsa ba, sai ya shirya wa tafiyar fiye da kilomita 120, wato mafi yawan hanyar Kano zuwa Zariya, a kan kilo ɗaya tak.

Shi ma jikin ba ya tsayawa yana kallo. Mafi yawan ƙarfin da muke ƙonawa a yini, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, yana tafiya ne wajen ayyukan da ba ma gani: bugun zuciya, numfashi, aikin hanta da ƙwaƙwalwa. Idan ka ƙara motsi, yunwa na ƙaruwa, sannan ka fi son zama bayan ka dawo. A 2012 wani mai bincike, Herman Pontzer, da abokan aikinsa suka auna ƙarfin da mutanen Hadza na arewacin Tanzaniya ke ƙonawa. Waɗannan mutane ne da ke rayuwa a kan farauta da tonon saiwa da cirar zuma, kullum suna cikin tafiya a daji. Kowa ya zaci za su ninka ma'aikacin ofis. Da aka daidaita da girman jiki, sai aka tarar abin da suke ƙonawa a yini bai bambanta sosai da na mutanen Amurka da Turai ba. Masana na ci gaba da muhawara a kan iyakar wannan ramuwa da jiki ke yi, amma sakamakon ya nuna rashin ƙibar Hadza ya fi alaƙa da abin da ke shiga bakinsu.

To, a gida fa? Abin da ke damuna shi ne mun fara kwaikwayon rabin da ya fi sauƙin gani. Yanzu a manyan garuruwanmu za ka ga matasa da alhazai da safiyar Asabar sanye da kayan wasa, ana sassarfa ana ɗaukar hoto. Na ji daɗin ganin haka, Allah ya sani. Amma bi su bayan an tashi. Teburin mai shayi ne zangon farko. Tsaya ka kalli yadda ake haɗin kauri: a zuba madarar gwangwani, a bi ta da garin koko mai zaƙi, a ɗebo sukari cokali bayan cokali ba tare da an tambayi mai sha ba, a ɗaga kofi sama ana shekawa har kumfa ta taso. Gefe guda ga taliyar Indomie biyu tana tafasa, ga ƙwai uku suna iyo a cikin mai, ga rabin burodi an shafe shi da bota. Wanda ya zauna ya tashi da wannan ya ci abin da gudun safiyar bai kama ƙafarsa ba.

Bature talla da arhar kayan maƙulashe ne ke cutarsa, da duhun hunturu da ke rufe gari tun kafin ƙarfe huɗu na yamma ya tura shi kan kujera. Mu kuwa namu ya fi wuyar magani, domin da ƙauna ake ba mu shi. Tumbi a wurinmu shaida ce ta samu. Idan mutum ya yi ɓul-ɓul sai a ce hutu ya karɓe shi, idan ya faɗa sai a fara raɗe-raɗin ko ciwo ne ko bashi. Amarya da ba ta ciko ba bayan 'yan watanni, mijinta ake zargi. Har gobe akwai 'yan matan da ke sayen ƙwayoyin sa ƙiba a kemis ba da izinin likita ba, suna jefa lafiyarsu cikin haɗari don a ce sun cika.

Akwai zuwan da na yi gida bayan na ɗan rage jiki. Ina durƙusawa gaisuwa Gwaggo ta kama hannuna tana jujjuyawa.

“Ɗan nan, ba sa ba ka abinci ne a can? Ko aikin ne ya yi maka yawa?”

Na ce, “Lafiya ƙalau nake, Gwaggo, da gangan na rage.”

“Da gangan? Allah ya kyauta. Ke, ƙaro masa shinkafar nan, ki sa masa mai sosai.”

Har cikin ranta ƙaunata take yi, kuma ta ga zamanin da rama ke nufin yunwa ko jinya, don haka ba na ganin laifinta. Amma ita ɗin dai tana shan maganin hawan jini, kuma a zuri'armu ciwon suga ya kama mutane da dama. A gidajenmu “na ƙoshi” ba ta ƙarewa a faɗa ɗaya, sai an yi ta ja-in-ja kamar ana ciniki. Baƙo bai zauna ba an dire masa lemo mai sanyi. Biki ga cincin ga dubulan ga alkaki. Watan azumi kuwa, da ya kamata jiki ya sarara, mutane da yawa suna fitowa daga cikinsa da ƙarin nauyi, saboda buɗa-bakin ƙosai da soyayyen dankali da doya da ƙwai da zoɓon da sukari ya danne tsaminsa, kafin a zo ga ainihin abincin dare bayan asham. Dukkanmu mun haddace hadisin da ya raba ciki uku, sulusi na abinci, sulusi na ruwa, sulusi na numfashi, amma a kan tabarmar buɗa-baki aka fi mantawa da shi.

Wani zai ce ai kakanninmu suna tashi da malmala uku ta tuwo kuma ba su yi tumbi ba. Gaskiya ne. Sai dai mutumin da ya wuni sunkuye da fartanya tun hantsi har la'asar ba a haɗa shi da wanda ya yi rabin sa'a a kan injin gudu sannan ya hau mota zuwa ofis. Kuma a duba tuwon: na dawa ne ko gero, da miyar kuka ko kuɓewa wadda mai bai yi mata yawa ba, fura da nono da rana, tsakanin abinci da abinci babu komai sai ruwan randa. Zogale, rama, wake, ɗanwake, dambu, duk abinci ne masu riƙe ciki. Abin da ya sauya shi ne farar shinkafa da taliya da burodi sun hau kan gaba, mai da sukari sun ƙaru, adaidaita-sahu da acaɓa kuma sun ɗauke mana 'yar tafiyar da ta rage. Na san a halin tsadar nan akwai gidaje masu yawa da matsalarsu ita ce samun abin sawa a tukunya, kuma ba da su nake ba. Da mu nake, masu albashi da 'yan kasuwa da mazauna waje, waɗanda ke da zaɓi.

Hujjar da ta fi ƙarfafa min gwiwa daga garin nan ta fito. Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na Glasgow sun jagoranci wani gwaji a kan masu ciwon suga nau'i na biyu, aka fitar da sakamakonsa a 2017. An ɗora mutane a kan abinci mai kalori kimanin 850 a yini na tsawon wata uku zuwa biyar, sannan aka riƙa dawo musu da abincin yau da kullum sannu a hankali. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin ɗari sukarin jininsu ya daidaita ba tare da magani ba. A cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye, adadin ya kai kashi 86. Da abinci aka yi wannan aiki, kuma a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya, don haka kada mai shan maganin suga ya ce zai gwada shi kaɗai a ɗaki. Ko alluran rage ƙiba da ake ta rububinsu yanzu, irin su Wegovy, aikinsu shi ne su dakushe sha'awar abinci.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a rataye takalmi. A 1953 wani likita, Jerry Morris, ya kwatanta direbobin bas-bas masu bene na Landan da kwandastocinsu. Direba na zaune wuni guda, kwandasta na hawa yana sauka yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba. Tun daga lokacin hujjoji ke ta taruwa cewa motsi na kare zuciya, yana sauke hawan jini, yana taimaka wa jiki sarrafa sukari, yana gyara barci, ko da sikeli bai motsa ba. Ga mai rage abinci kuma, motsa jiki ne ke hana tsoka zubewa tare da kitse, kuma waɗanda suka sauke nauyi suka hana shi dawowa galibinsu masu motsi ne a kai a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a mako. Ni kaina ina takawa, kuma in hunturu ya yi tsanani tafiyar ce ke riƙe min hankali. Abin da nake ƙi shi ne a ɗora wa motsa jiki kayan da ba nasa ba, mutum ya yi wata uku yana gumi, ya hau sikeli ya ga ba sauyi, ya yi fushi ya watsar da abin da ke tsare masa zuciya.

Wannan magana ta fi shafar mata a gida. Yayata ba ta da inda za ta fita gudu ba tare da an bi ta da ido ba, kuma wuraren motsa jiki na mata zalla ba su da yawa, ga tsada. In aka ce mata sai da gidan motsa jiki ake ramewa, an rufe mata ƙofa ke nan. Alhali ludayin mai da gwangwanin sukari a hannunta suke. Na nuna mata gwajin da hukumomin lafiyar Ingila ke ba da shawara a kai, cewa kewayen ƙugu kada ya kai rabin tsayin mutum: ta auna tsayinta da igiya, ta ninke ta gida biyu, ta zagaya cikinta da ita daidai saman cibiya. In bakin igiyar bai haɗu ba, akwai aiki.

Gwamnati ma na da nata. A 2018 Birtaniya ta sa wa lemuka haraji mai hawa biyu gwargwadon yawan sukarinsu, kamfanoni da yawa suka rage zaƙin tun kafin dokar ta fara aiki don su kauce wa biya. Najeriya ta sa naira 10 a kan kowace lita a Dokar Kuɗi ta 2021, kuɗi ɗaya ko sukarin ya yi yawa ko kaɗan, don haka babu abin da zai sa kamfani ya rage ko cokali guda. Kafin a gyara wannan, roƙona ga masu gida da uwayen gida kaɗan ne: a fara tarbar baƙo da ruwa, a ajiye sukari a gefe kowa ya zuba da hannunsa, a kawo mai a ƙaramin kwano maimakon a malale shi a kan shinkafa, kuma in mutum ya ce ya ƙoshi a karɓa masa tun a karon farko.