Nasiha Ga Matasan Da Ke Fara Motsa Jiki Suna Bari

'Yan uwana matasa, akwai abin da na daɗe ina lura da shi a wuraren motsa jiki na unguwanninmu, tun daga manyan gidajen da ake biyan kuɗin wata har zuwa lungunan da samari suka zuba siminti a gwangwanin fenti, suka soka masa ƙarfe suna ɗagawa. Bayan kowace sallah, ko a farkon shekara, wurin yakan cika maƙil, kowa da sabon takalmi da sabuwar riga, amma kafin a yi wata biyu sai ka tarar fuskokin da ka saba gani tun bara su kaɗai suka rage. Waɗanda suka gudu ba raggaye ba ne, da yawansu ma sun fi kowa zafin nama a ranar farko, kuma wannan zafin da suka zo da shi ne ya kore su.

Saurayin da ya shekara bai yi gudun da ya wuce na tare adaidaita sahu ba, sai ya zo ranar farko ya ce sai ya ɗaga abin da wanda ya shekara uku a wurin yake ɗagawa, domin kada a raina shi. Washegari ya tashi da tsamin jiki, jibi abin ya ƙaru har ruku'u ya gagare shi, daga nan sai ya yanke hukuncin cewa jikinsa ba na wannan harka ba ne. Alhali tsamin da ke biyo bayan aikin da tsoka ba ta saba da shi ba abu ne sananne, yakan kai ƙarshen tsananinsa tsakanin kwana ɗaya zuwa uku, sannan ya lafa, kuma yana raguwa sosai idan jiki ya saba. Wanda ya fara da nauyi kaɗan, ya riƙa ƙarawa sannu a hankali, ba ya shan wannan wahalar da yawa. Ciwo mai kaifi a gaɓa, ko a ƙirji, ko jiri, wannan kuma daban ne, ba jarumta ba ce a daure masa, asibiti ake zuwa.

Abin da jiki yake buƙata bai kai yadda muke tsammani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta shawarci baligi da ya yi aƙalla minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin tafiya da sauri wadda za ta sa numfashi ya ɗan hau, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani kamar gudu, tare da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu ko fiye. Minti 150 ɗin nan rabin awa ce sau biyar a mako, wato ƙasa da abin da mafi yawanmu ke ɓatawa a Facebook kafin karin kumallo. Duk da haka hukumar ta bayyana cewa a 2022 kusan kashi 31 cikin ɗari na baligan duniya ba su cika wannan ma'auni ba. Iyayenmu da suka yi noma da fatauci a ƙafa ba su buƙaci wanda zai yi musu wannan lissafi ba, amma mu da babur ke kai mu har bakin masallacin unguwa, hawan jini da ciwon suga ba sa jiran mu tsufa.

Nasihata mafi girma ita ce kada ku dogara da sha'awa, domin sha'awa baƙuwa ce, yau tana nan gobe ta yi tafiya. Ku nemi lokaci guda tsayayye ku ɗaura motsa jikin a jikin wani abin da ba ku fashinsa. A ƙasarmu ban ga abin da ya kai bayan sallar asuba ba: an riga an tashi, gari da sanyi, babu wanda ya fara kiran waya, kuma a watannin bazara da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40 da rana, wannan ne kusan lokacin da za a iya gudu ba tare da an cutar da kai ba. Wani bincike da aka yi a wata jami'a a Landan ya gano cewa sabon hali yakan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zama jiki, wasu mutanen ƙasa da haka, wasu har fiye da wata takwas, kuma fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Mu kuwa tun kafin wannan mun san hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Maganar ibada ce, amma duk wanda ya taɓa horar da jikinsa ya san hikimar ta kai har nan.

Sai kuma madubi da waya, waɗanda suka karya gwiwar matasa da yawa. Mutum ya yi mako uku ya tsaya gaban madubi yana neman kwanjin da ya gani a hoton wani, bai gani ba, sai ransa ya ɓaci. Daga nan ne wasu ke faɗawa hannun masu sayar da allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka, waɗanda ke illata hanta da zuciya, suna kuma iya taɓa haihuwa, wasu kuma su kama tramadol wai don kada su ji gajiya, har ta zame musu ƙarfen ƙafa. Zafin nema ba ya kawo samu. Ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta abin da kuka yi kowace rana, domin wanda ya ga cewa watan jiya zagaye biyu yake yi yana haki, yau kuma yana yin biyar, ya sami hujjar da madubi ba zai ba shi da wuri ba. Barci isasshe da wake da ƙwai da gyaɗa da nono sun wadatar da mai farawa.

Ku nemi abokin tafiya guda mai cika alkawari, wanda kunyar barinsa tsaye a ƙofar gida za ta fitar da ku daga bargo ranar da hunturu ya busa. 'Yan uwana mata kuma, rashin wurin da ya dace a unguwa matsala ce ta gaske, ban raina ta ba, amma tsakar gida da igiyar tsalle da ƙawa ɗaya sun isa a fara, kuma ya kamata iyaye da mazaje su taimaka maimakon su yi dariya, tunda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da matarsa A'isha.

Fashi kuwa dole zai zo, ko ta jarrabawa, ko zazzaɓi, ko tafiya, ko azumi. A watan Ramadan ku rage nauyi ku mayar da lokacin bayan buɗa baki ko bayan tarawihi, ku sha ruwa sosai. Idan kuma an yi makonni ba a je ba, ranar komawa ku ɗauki kamar rabin abin da kuka saba ɗagawa, ku yi minti ashirin ku tafi gida, jibi ku dawo a kan lokacinku.